Uban Riƙon Sagiru

Daga ofishin Alhaji Mudassir Mai Shanu,
Garkuwan Mahautan Arewa, Katsina.

Zuwa ga Likita Zulaihat Salihu,
Gandun Adana Namun Daji na Kwarin Maje.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta manya, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki da duk wanda ke cikin gandun, mai ƙafa biyu da mai huɗu. Ni ma lafiya lau, sai ɗan ciwon wuya da nauyin rawani ya jawo mini.

Ba ki san ni ba, amma kin ci namana, don babu saniyar da za ta kwanta a Katsina ba da sanina ba. Takardar da kuka baza ta neman uban riƙo ga wani zaki da kuka ceto ta iso gare ni ta hannun wani yaro Sammani, mahauci a Ƙofar Durbi, wanda aka ce mini taubashinki ne, ɗan ƙanwar mahaifinki. Yaro mai hankali, ga kunya, ga kyau, ga tilawa. Na yi mamaki da na ji kina kiransa bawanki. Ki daina.

To, na ɗauki nauyin zakin. Cinsa da shansa da maganinsa, har sabulun wanka in yana yi, duk a kaina. Sharaɗina ɗaya ne: a rubuta sunana a allo da manyan baƙaƙe, a kafa a bakin shingensa, ta inda zai riƙa gani ya san mai ciyar da shi.

An ce mini babu sabis ɗin waya a dajinku. Ya yi daidai, ni ma ba na ɗaukar waya. Ki ba Lawal, direban da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da gandunku, amsa ya ajiye a teburin yaron nan Sammani, shi yake karanta mini wasiƙu.

Naku,
Garkuwa.

*

Zuwa ga Alhaji Mudassir Mai Shanu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina yi maka fatan sauƙin wuya. Mu nan duk lafiya, alhamdu lillahi.

Ban san yadda zan gode maka ba, sai dai in gaya maka wanda ka ceta. Sunansa Sagiru. Masu ba shi abinci ne suka raɗa masa, saboda ran da aka kawo shi bai fi ƙaton kare ba. Tun yana jariri wasu suka sace shi, suka yi ta yawo da shi gari-gari a kejin ƙarfe, ana biya ana kallo. Sun zare masa farata, sun gurje masa fiƙa. Don haka ba zai taɓa farauta ba, in muka sake shi a daji yunwa ce za ta kashe shi. A wuyansa akwai inda sarƙa ta ci, gashi bai sake fitowa a wurin ba.

Mun ba shi fili mai ciyawa da inuwa, ya fi filin Idi na ƙauyen da ke kusa da mu girma. Amma har yau a ɗan lungu ɗaya yake zagaye. Ya yi 'yan taku sai ya juya, daidai faɗin kejin da ya tashi a ciki, ko da yake babu komai a gabansa. Duk da haka, ranka ya daɗe, in ya ɗaga kai ya dube ka, sai ka ji kai ne baƙo a ƙasarsa.

Gandunmu da taimakon jama'a yake tafiya, kuma zaki ba ya cin dusa. Awaki muke saya masa a ƙauyuka. Abin da muka tanada ba zai wuce Babbar Sallah ba. Har shugabanmu ya amince a miƙa shi ga wani mai wurin shaƙatawa, wanda zai mayar da shi keji mutane su riƙa ɗaukar hoto. Ranar da wasiƙarka ta zo na kai wa shugaba da gudu, ya aika wa mutumin cewa mun fasa. Ni na tsaya maka a gabansa, na ce mutanen garinmu ba sa magana biyu.

An ba mai fenti aikin allo. Ga hoton Sagiru nan na haɗo. Sai mun ji yadda kake so a tsara aiko da kuɗin.

Taka mai godiya,
Zulaihat.

*

Bawana Sammani,

Yaya Goggo Furera da ƙafar tata? Ka ce mata ta riƙa shafa man nan da na aiko, kada ta ajiye shi a kwalla tana jiran baƙi. Ka gaida mutan gida. Kai kuma ba na tambayar lafiyarka, na san mai cin hanta kullum ba ya ciwo.

Ga amsar wasiƙar Alhaji nan, ka wanke hannu kafin ka taɓa. Wai kai ne mai hankali, mai kunya! Na karanta wurin nan na yi dariya har mai gadi ya leƙo. Ko dai tsufa ya taɓa masa ido, ko ka yi masa ƙarin nama. Amma dai ka yi abin kirki sau ɗaya a rayuwarka, da ka nuna masa takardar nan. In Muharram ta zo zan ƙara maka a kan kuɗin shararka na taubasai, ba sai ka tsaya a ƙofa kana yi mini waƙar zambo ba.

Ina roƙonka, kada ka yi wa bawan Allahn nan shaƙiyanci. Ba ni ba ce, da ka ɗaure wa jelar saniya a jaka ranar da zan tafi jami'a. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka yi shiru.

Uwargijiyarka,
Zulaihat.

*

Likitar Awaki,

Gaisuwa mai yawa. Inna ta ji sauƙi, man kuma yana nan cikin kwalla lafiya lau, ta ce ya fi ƙarfin ƙafa. Kawu Salihu, babanki, ya leƙo jiya ya ce in gaya miki tun da kika koma daji kin manta da mutane. Na ce masa ai dama can ne danginki suke.

Jelar saniyar nan da kike ta gori, ba ita ta kai ki ga zama likitar dabbobi ba? Albarkata ce kika ci.

Na karanta wa Alhaji wasiƙarki. Sai da na maimaita masa wurin zagayen nan. Hoton kuma ya ce in riƙe masa. Zulai, ashe haka zaki yake? Ni na ɗauka irin na jikin babbar mota ne, baki buɗe. Wannan ko kallona yake kamar na ci masa amana. Kuma na san shaidar igiya, kullum ina ganinta a wuyan shanu. Ta wuyansa ba ta kwana ɗaya ba ce.

Da gaske ne kun kori mai kejin? Ba ku ɗan ce masa ya dakata ba? Ni da ni ne, da na bar ƙofa a buɗe.

Alhaji ya tafi aikin hajji, jirginsu ya tashi shekaranjiya, sai bayan Sallah. Ki ji shawarar ƙaninki, kada ki ɗora kayanki duka a kan mutumin nan. Na san shi ciki da waje. Bakinsa ya fi aljihunsa nauyi.

Ki gaida Sagiru. Wai akuya nawa yake tashi da ita a mako? Tambaya kawai nake yi.

Naki, wanda ba bawan kowa ba,
Sammani.

*

Sammani,

Ina fatan kuna lafiya. Ka gaida Goggo.

Da na karanta wasiƙarka na ɗauka baƙin ciki ne kawai, irin na yaron da ya ga an yabi wani. Har na fara rubuta maka faɗa, cewa mutum ya yabe ka kana zaginsa a bayan ido. Sai na ajiye, na rubuta wa Baba na tambaye shi. Baba ya shekara da shekaru yana zama da mahauta a bakin kasuwa. Ya ce bai taɓa jin wani Alhaji Mudassir Mai Shanu ba, kuma babu sarautar da ake kira Garkuwan Mahautan Arewa. Na ɗauko wasiƙar farko na sake dubawa. An buga ta da na'ura, ga hatimi. Ciwon wuya saboda rawani. Sabulun wanka. Ban san inda hankalina ya tafi ba ranar. Na san dai, murna ce ta rufe mini ido.

Na aika maka saƙon baki ta Lawal, ya dawo ya ce ba ka teburi. Ya sake komawa, aka ce ka fita. Zulhajji ya tsaya, babu amsa.

In kai ne, ka ji ni da kyau. Ni taubashiyarka ce. Duk abin da ka yi mini ba ni da ikon fushi, haka muka taras, kuma ban taɓa kai ƙararka ba. Amma Sagiru ba taubashinka ba ne. Bai san wasa ba, abin da aka yi masa da sunan wasa yana nan a wuyansa.

Mai kejin ya ji ƙishin-ƙishin, ya sake aikowa. Shugaba ya kira ni ya ce in aka gama hidimar Sallah bai ga komai ba, zai ce masa ya turo mota. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Likita, ba ke kika ce mutanen garinku ba sa magana biyu ba?"

Bari in gaya maka abin da ya faru ranar Talata, ko da ba ka cancanta ba. Da safe wata zabuwar daji ta faɗo cikin filinsa. Ya bi ta da ido, ya miƙe, ya kai inda ya saba juyawa. Sai ya tsaya. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya daɗe a haka, sannan ya sauke ta a waje. Ya bi ta da sauran. Zabuwar ta tashi abinta, shi kuma ya tafi har gindin maje, ya kwanta cikin ciyawa ya yi birgima, ciki sama. Mai ba shi abinci, ƙaton mutum, ya zauna a ƙasa yana share ido. Wannan ne za a mayar cikin ƙarfe.

Allon yana nan a jingine a ofis. Ban kafa ba.

Ka faɗa mini gaskiya in san abin yi.

Zulaihat.

*

Daga Alhaji Mudassir Mai Shanu,
Garkuwan Mahautan Arewa.

Zuwa ga Likita Zulaihat.

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Da fatan kun yi lafiya. Mutanen gidanku duk ƙalau, ƙafar goggonki har ta je Idi. Ki yi haƙuri da wannan rubutu na hannu mai kama da sawun kaza, mai buga mini takardu ya tafi hutun Sallah.

Na dawo na taras da labarin yaron nan Sammani, kuma na ga ya kamata ki ji.

Ran da wasiƙarki ta ƙarshe ta same shi, an ce bai taɓa tsire ba, abin da bai faru ba tun yayensa. Kashegari ya tafi wajen Baba Sule, dattijon da ya koya masa riƙe wuƙa, wanda duk mahautan unguwa ke jin maganarsa. Ya durƙusa ya faɗi abin da ya aikata. Baba Sule ya ce, "Mi ka ce? Zaki? Wanga yaro, kai da ko kyanwa ba ka iya ciyarwa?" Ya zage shi tas, har ya haɗa da kakansa. Da ya gaji ya ce a ba shi hoton. Ya kai shi kusa da ido, ya sa babban yatsa a kan wuyan zakin. Can ya ce, "Da sunan wa ka yi alkawarin?" Yaro ya ce da sunan mahauta. Baba Sule ya ce, "To ka ɗaure mu. An daɗe ana cewa mu ba mu san komai ba sai yanka. Ba za a ƙara da cewa muna ƙarya ba."

Dabarar da yaron ya zo da ita ita ce, tunda ranar Sallah gida-gida ake kiransu fiɗa, su ce kada a biya su, a ba su fatar a madadin lada. Ya kai wa malaminsa na allo yana washe baki. Malam ya ce, "Kai ne ka yi karatu a gabana? Fatar layya ba ta zama ladan mahauci. Ka karɓi haƙƙinka daban. Fata kuwa, in mai ita ya ga dama ya bayar sadaka, ciyar da mai rai ba ya faɗuwa ƙasa banza." Ashe aikin ya zama biyu: ga fiɗa, ga roƙo.

Likita, da kin ga roƙon nan. Kin san fatun layya suna da masu su tun fil azal, na masallaci da na marayu, kowa da buhunsa. Yaron bai taɓa nasu ba, sai inda aka yanka biyu ko uku yake buɗe baki. A gidan Hajiya Delu ta Ƙofar Kwaya, ya gama fiɗa ya goge wuƙa ya ce, "Hajiya, a taimaka wa zaki da fata ɗaya." Ta ce, "Wane Zaki? Ɗan gidan wa?" Ya ce na daji. Ta ce, "Kai Sammani, ko ranar Sallah ba ka hutawa? Bara ba kai ka ce mini ragona na da ciki ba?" Babu wanda ya yarda da shi, Likita. Duk inda ya shiga sai dariya, ana jiran a ji ƙarshen wasan. Nan ya gane abin da ya daɗe yana shukawa. Sai ya daina magana, ya riƙa ciro hoton kawai. Hajiya Delu ta duba, ta kira jikokinta suka duba, ta ce, "Wa ya yi mishi haka?" Ta ba da fata biyu, ta ce a gaishe da likitar, 'yar Salihu ce ai, ita ta yi mata kitso tana ƙarama.

Hoton ya zaga unguwa har ya yi baƙi da maiƙo. Samarin mahauta suka zuba ladan fiɗarsu na ranar a hular Baba Sule. Fatun kuma, kwana aka yi ta shafa musu gishiri a zauren goggonki, har ta ce in ba a kwashe su ba ita za ta bar gidan. Dillali ya zo ya ɗauka. Akwai kuma wani rago da yaron ya turke tun bara yana yi masa hidima kamar ɗa, da nufin ya sayar ya sayi babur. Ya sayar ɗin ana gobe Sallah. Babur dai sai wata shekara, ƙafa ma abin hawa ce.

Duk abin da aka tara yana hannun mahaifinki, zai tura wa gandunku da kansa, don an ce kada a sake a bar shi a hannun Sammani. Baba Sule ya lissafa da farashin awaki, ya ce zai kai Sagiru har kaka. Daga nan kuma ya yanke cewa duk Juma'a kowane teburi zai fitar da fata ɗaya. Har ta yi suna, ana ce mata fatar zaki. Ki gaya wa shugabanku ya ce wa mai kejin ya sa kaji a ciki.

Yaron ya ce in gaya miki wani abu, don shi kunya yake ji. Ya ce tun kuna yara, ran da kika ɗinke kunnen akuyar goggonki da zaren kaɗi kowa na dariya, ya san kin fi shi. Ya ce shi dabba a kwance yake saninta, ke kuma ke kike tashe ta.

Saura maganar allo. A goge. A rubuta Mahautan Ƙofar Durbi, da manyan baƙaƙen nan da na ce.

Don kuwa babu Alhaji Mudassir, Zulai. Babu shanu, babu rawani, hajji kuwa ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba. Hatimin nan da kika gani, da gindin kwalba aka buga shi. Na so ne kawai ki rubuta "ranka ya daɗe" da hannunki, in ajiye, in nuna miki ranar shara mu yi dariya. Kin rubuta, yana nan a aljihuna, ban iya dariyar ba. Ki yafe mini, ba yafiyar taubasai ba, ta gaske.

In kin je ba Sagiru abinci, ki faɗa masa sunan uban riƙonsa. Daga bayan shinge, don Allah.

Ni ne na rubuta ta farko, ni ne na rubuta wannan.

Bawanki,
Sammani.